Yaron da Bai Iya Zama Ba: Tarihin Ƙiriniya a Ƙasar Faru

Faru tsohon garin karatu ne. Kafin hijirar Gudu ta 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana wa'azi da karantarwa, tun daga wajen 1786, kuma Faru na cikin wuraren da ya zauna. Ƙaninsa Abdullahi yana tare da shi, shi ne ma ya bar mana labarin wannan zama a littafinsa Tazyinul Waraƙati. A tsakanin shekarun nan ne suka ɗauki Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. A cikinsu ne kuma Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami da Babbar Salla, Shehu ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi a bar shi ya yi kira, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Mu 'yan wannan yanki, daga Maradun har Bakura da Talata Mafara, muna tinƙaho da wannan tarihi, kuma da gaskiyarmu.

Sai dai tarihin karatu, ko'ina a duniya, tarihin waɗanda suka iya zama ne. Wanda ya naɗe ƙafa a gaban malami ya jure, shi ke zama alaramma, shi ake tunawa da sunansa. Ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu a makarantun firamare na wannan yanki, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaya yaron, wanda bai iya zama ba. Ba na shakkar yana nan a zamanin Shehu, yana nan a zamanin Turawa, yana kuma nan yau a kowace makaranta da ke tsakanin Faru da Mafara. Shi bai sauya ba. Duniyar da muka sa shi a ciki ce ta sauya, kuma sauyin bai yi masa daɗi ba.

Kowace unguwa ta san shi. A aike shi sayen gishiri, ya tsaya kallon maƙeri, ya dawo da la'asar ba gishiri ba kuɗi, kuma ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya manta abin da aka aike shi. Takalminsa ɗaya na bakin rijiya, ɗaya na masallaci. Ba ya shiga gida ta ƙofa in akwai katanga. Ana cikin sahu, shi ne mai waige, shi ne mai taka ƙafar na kusa da shi. Ka fara tambaya, ya ba ka amsa tun ba ka kai ƙarshe ba. Jikinsa duk tabo, na faɗowa daga itace, na wuta, na ƙahon sa. In aka tilasta masa zama sai ka ga yana mutsu-mutsu kamar an ɗora shi a kan garwashi. A ce masa mai ƙiriniya, mai rawar kai, marar ji, fitinanne. In ya girma bai daina ba, a ce ya gagara.

Na daɗe ina tunanin yadda irin wannan yaro ya rayu a makarantar allo, tunda ni ma ta can na fara. Ba don shi aka tsara ta ba, amma tana da sararin da ya ishe shi fiye da yadda muke zato. Da farko dai karatun allo ba na shiru ba ne. Kowa da muryarsa, kowa na rangaji gaba da baya, yatsa na bin baƙi. Jiki na aiki, baki na aiki, ba wanda zai ce ka yi tsit ka saurara har tsawon sa'a guda. Sannan kowa da allonsa. Mai babbaƙu da mai farfaru da wanda ya kai izu goma duk inuwa ɗaya suke sha, ba a jiran kowa, ba a kuma tsere wa kowa. Abin da malam zai biya maka ɗan kaɗan ne, gwargwadon abin da kanka zai ɗauka. In ka iya ka kawo, a ce ka wanke, a rubuta na gaba. Ladan ƙoƙari nan take yake zuwa. Zaman ma a yanyanke yake, na safe, na bayan azahar, na dare a gefen wuta, ga hutun Alhamis da Juma'a. Tsakanin zama da zama kuwa akwai ɗebo ruwa, akwai itace, akwai gonar malam.

Malamin da na yi allo a wurinsa, Allah ya jiƙansa, yana da wata dabara da yake yi wa wani ɗan unguwarmu mai irin wannan hali. Da zarar ya ga ƙafar yaron ta fara rawa sai ya ce, "Kai, tashi ka ƙaro muna kara ga wuta." Ya ruga, ya dawo yana haki, malam ya jawo shi gab da buzunsa ya biya masa aya biyu kacal. Shi ne mai jiƙa tawada, shi ne mai kai saƙo cikin gida, shi ne mai tattara alluna in an tashi. Ya daɗe bai sauke ba, tsararrakinsa sun riga shi da shekaru, amma ya sauke, aka yi masa walima, ya zaga dangi da allon zayyana.

Kada a ce ina yabon jiya ido rufe. Irin wannan malami ba shi ne kowa ba. Yaro mai ƙiriniya shi ya fi kowa shan dorina, kuma sau da yawa iyaye ne ke kai shi da roƙon a matsa masa, suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya faye gudu kuwa akan sa masa mari a ƙafa. Abin da ke ba ni takaici shi ne littattafan malamanmu ba su yarda da wannan ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 870 miladiyya, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban masu karantar da yara, ya ƙayyade bulalar karatu kada ta wuce uku sai da izinin uba, ya hana dukan fuska da kai. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin a ganinsa hana wasa da matsa karatu kullum na kashe zuciyar yaro ya dushe masa basira. Ibnu Haldun ya keɓe fasali a Muƙaddima yana nuna cewa tsananta wa ɗalibi na koya masa ƙarya da kasala da yaudara. Ihya'u dai ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Ilimin yana nan. Hannun da ke riƙe da dorina ne bai cika bin sa ba.

Amma a da, in allo ya ƙi yaro, ba shi ke nan ba. Kiwon awaki da tumaki yana son mai ƙafa. Korar tsuntsu a gonar gero da dawa in amfani ya fara nuna, ana ihu ana jifa da majajjawa tun safe har yamma, aiki ne da mai kuzari ya fi kowa iyawa. Akwai su a gulbin Sakkwato da fadamunsa, akwai farautar rani, akwai zugazugi a maƙera, akwai bin fatake da jakuna zuwa kasuwar Talata da gaba da ita, akwai kokawa da dambe bayan kaka. In uba ya rasa yadda zai yi, sai ya ba kawu ko baffa riƙo, a sauya wa yaro gari da hannu. Da yawa daga cikinsu sun zama mutanen kirki da ake ji da su, ko da yake halin bai bar su ba: su ne manyan nan masu saurin fushi da saurin hucewa, masu fara sana'a uku su bar biyu a hanya. Wasu kuma sun lalace, wasu sun tafi da ƙuruciya a ruwa ko daga kan itace, aka ce kwana ne ya ƙare.

Dalilin halin kuwa, kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce goyon kaka ne, an sangarta shi. Wasu su ɗora wa uwa, su ce ba ta kwaɓa. In abin ya yi yawa a ce iska ce ta taɓa shi, ko baki ne ya kama shi, a nemi rubutun sha da tofi da laya. Tsofaffin mata ne suka fi kusa da gaskiya, domin su ke cewa gado ne, har su lissafo maka wane da wane a dangi da suka yi haka. Binciken da aka yi kan tagwaye a ƙasashe daban-daban ya nuna gado ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na wannan hali, wanda likitoci ke ɗauka larura ce in ya tsananta, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100.

Akwai kuma wadda ba a taɓa sa ta cikin wannan lissafi ba, wato yarinyar da ba ta hawa katanga, ba ta faɗa, tana zaune shiru amma hankalinta ya yi nisa. A bar mata tukunya ta ƙone. A ɗora mata talla ta dawo kuɗi bai cika ba. Ka yi mata bayani tana kallonka, ta ce to, ta juya ta yi wani abu dabam. Ita ba a ce mata mai ƙiriniya. Sakarya ake ce mata, ko shashasha, ko marar kan gado. A yi mata aure da wuri, ta kai halin gidan miji, kishiya da uwar miji su ɗora daga inda aka tsaya. Likitoci yau sun san wannan ma fuska ce ta larura ɗaya, kuma a 'ya'ya mata aka fi kasa gane ta. Na koyar da irinta da yawa, su ne kuma suka fi ba ni tausayi, don mai ƙiriniya ko ba komai ana ganinsa.

A daidai zamanin da Shehu ke yawon wa'azi a Gobir da Zamfara ne likitocin Turai suka fara rubutu kan wannan hali. Wani likita Bajamushe, Melchior Adam Weikard, ya siffanta masu raunin maida hankali a littafinsa na 1775. A 1798 Alexander Crichton, mutumin Sikotland, ya bayyana mutanen da tun suna yara ba sa iya tsayar da hankali kan abu ɗaya, ƙaramin motsi ko ƙara na ɗauke su, ya kuma ja hankalin malaman makaranta a kansu. Maganar ba ta yi ƙarfi ba sai bayan da Ingila ta wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta a 1880. Da aka tara yaran gari kaf a kan benci, sai waɗanda ba su iya zama suka fito fili. A 1902, shekara guda kafin Turawa su ci Sakkwato, likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan wasu yara da ba sa iya kame kansu, alhali da yawansu basirarsu lafiya lau, maza kuma sun fi yawa a cikinsu. Shi ma, irin iyayenmu, naƙasa ce ta ɗabi'a ya ɗauki abin.

Bayan yaƙin duniya na farko wata annobar kumburin ƙwaƙwalwa ta ratsa Turai da Amurka, aka ga yaran da suka tashi daga ciwon halinsu ya juye, sun rasa natsuwa. Daga nan ido ya fara komawa kan ƙwaƙwalwa maimakon tarbiyya. A 1937 Charles Bradley a Amurka ya ba wasu yara Benzedrine, maganin da ke ƙara kuzari, sai ga shi sun natsu, karatunsu ya gyaru. Ritalin ya shigo kasuwa a shekarun 1950. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa larurar a 1968, a 1980 ya maida nauyin kan rashin maida hankali, a 1987 ya ba ta sunan da ake taƙaitawa da ADHD. Wani nazari na 2007 da ya tattara bincike daga sassan duniya ya ƙiyasta tana samun kimanin yara 5 cikin 100. A ajin da ke da yara 80, irin wanda muka saba gani, ana maganar yara huɗu ke nan.

Mu namu juyin a 1976 ya zo. Boko ya daɗe a Arewa, tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, amma a ƙauyukanmu 'yan ƙalilan ya ɗauka, galibi waɗanda hakimi ya sa a kamo. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE. Aka gina azuzuwa a garuruwan da ba su taɓa ganinsu ba, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka zuba yara. Tsarin aji kuwa kishiyar tsarin allo ne ta kowace fuska. Allo guda ne a bango, na kowa da kowa. Malam ke magana, yara su yi shiru. Tun safe har azahar a kan benci ko a ƙasa, darasi na bin darasi, in hankalinka ya tafi na minti biyar an wuce ka. Sakamako sai ƙarshen zango, a kira na ɗaya a kira na ƙarshe a gaban kowa. Yaron da a da mai ƙiriniya ne kawai, yanzu ya sami ƙarin suna, daƙiƙi, kuma a rubuce. A kwalejin da aka horar da mu ba a taɓa ambata mana wannan larura ba. An koya mana tsara darasi da cika rajista da kame aji, kuma a wancan lokaci da bulala ake kame aji.

A shekarun nan ne kuma madatsar ruwa ta Bakolori ta sauya fuskar ƙasar. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta a kan gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidaje ta wajen Maradun, aka tashi mutane. Ta wajen Mafara da Bakura katafila ta baje gonaki, ta tumɓuke itatuwa, aka hana manoma shuka ana gyaran fili, ga rikicin diyya da ya kai ga kashe manoma a Birnin Tudu a watan Afrilu na 1980. Ana ba da wannan labari a matsayin na manya, amma ya taɓa yara. Fadamar da ake kiwo da su ta canja, kuma iyaye da yawa da suka ga gona ma ana iya raba mutum da ita sun ɗora burinsu kan takardar makaranta. Zama a benci ya tashi daga abin da hakimi ke tilastawa ya koma abin da uba ke roƙo.

Wani uba ya taɓa samuna bayan an tashi, riƙe da hannun ɗansa ɗan aji uku. Manomi ne mai mutunci. Ya ce, "Malam, yaron ga ya gagare ni. Na buga, uwatai ta buga, kawunai ya buga. Shina ji, wallahi shina ji, amma ba ya riƙewa. Mi za ni yi mai?" Yaron kuwa tuni ya zame hannunsa, ya tsuguna yana ƙoƙarin zare ƙusar da ta riƙe ƙafar benci. Na san shi sarai. Littafinsa ba ya daɗewa da bango. Rubutunsa na farawa da kyau a layin farko, ya watse a na huɗu. Lissafin da ya iya da baki sai ya faɗi a takarda, don ya tsallake rabin tambayar. Amma yaron nan yakan wuni cur yana haɗa mota da kara da gwangwani, ko abinci ba ya nema. Wannan ne ke ruɗa iyaye, su ce tunda ya iya natsuwa kan abin da yake so, ai da gangan yake yi. Ba haka ba ne. Abin da ya burge shi na riƙe shi har ya manta da kansa. Abin da bai burge shi ba kuwa, ko ya so ya tsaya a kansa ba ya iyawa.

Da na je gidansu, kakarsa ta wajen uba ce ta tare ni. Ta ce, "Malam, ku bar min maigidana. Halin kakanai na. Shi ma bai zamna ba har Allah ya amshi abinai, fatauci ya yi har Kumasi." Uban ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Kakan ya sami jaki da hanya, jikan benci ya samu. Muka yi shawara: ya dawo gaba kusa da teburina, shi ke share allo da raba littattafai, aikin da zan ba shi in yanka masa gida uku, uban kuma ya daina dukan mantuwa. Bai taɓa zama na ɗaya ba, amma ya gama firamare, yau kuma bakanike ne da yara a ƙarƙashinsa.

To yaya za a bambance ƙiriniyar ƙuruciya, wadda kowane lafiyayyen yaro ke da rabonsa a ciki, da wadda ta zama larura? Kundin Amurka na 2013, wanda likitoci da yawa ke bi, ya jera alamu tara na rashin maida hankali, tara na yawan motsi da gaggawa, kuma sai yaro ya tara shida a ɓangare ɗaya ko a kowanne. Amma sharuɗɗan da ke biye sun fi lissafin muhimmanci a wurina. Dole halin ya zarce na tsararrakinsa, don ba a auna ɗan shekara huɗu da ma'aunin ɗan goma. Dole ya kai wata shida ana ganinsa, ya kuma faro kafin shekara 12. Dole a gan shi a wuri biyu ko fiye, ya zamana kuma yana cutar da yaron a karatu ko a zama da mutane. Sharaɗin wuri biyu ya dace da mu ƙwarai, domin yaronmu wurare uku gare shi: gida, allo ko islamiyya, da boko. In a boko kaɗai yake fitina, a gida da allo lafiya lau, to a duba ajin. Ƙila Turancin da ake koyarwa da shi ne ba ya ji, ƙila allon ne ba ya gani, ƙila yunwa ce, ƙila malamin ne. In kuwa inna da alaramma da malamin aji, waɗanda ba su taɓa zama tare ba, suka kawo kuka iri ɗaya, to magana ta yi ƙarfi.

A Zamfara akwai ƙarin abin lura. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu ta kudu, inda ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, har da injin niƙan hatsi. Yara fiye da 400 suka mutu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma raunin maida hankali da saurin hasala na cikin abin da take bari. Waɗanda suka tsira suna goye a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Duk gidan da ake shigo da dutsen ma'adini, gwajin jini ya kamata a fara yi wa yaro marar natsuwa. Haka wanda halinsa ya juye bayan sanƙarau, irin annobar 1996 ko ta 2017 da ta fi tsanani a jiharmu, ko bayan zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Sau da yawa ma kunne ne ciwon ya taɓa, ana dukan yaro kan maganar da ba ta kai gare shi ba. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayarwa, yaro ya ƙame na 'yan daƙiƙu ido buɗe, ya dawo bai san an yi ba.

Sai tsoro. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya, nan cikin Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Yaron da ya kwana a daji yana gudun harbi, ko ya ga an tafi da ubansa, ba zai natsu a aji ba. Ƙofa ta buga ya zabura, barci ba ya yi, idonsa na taga. A ido, ɗaya suke da mai larurar da muke magana a kai, amma tarihinsu ya bambanta: mai tsoron da lafiyarsa ƙalau, rana ɗaya ya sauya, mai larurar kuwa tun yana rarrafe haka yake. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce tun yaushe, kuma uwa ce ke da amsarta.

Rashin tsaron nan ya yi wa mai ƙiriniya wata ɓarna da ba a lissafawa. Ayyukan da suka rufa wa kakanninsa asiri kusan duk ta daji suke bi. Yau wa zai tura ɗansa kiwo nesa da gari? Gonar nesa an bar ta, farauta ta ja baya, dabbobin ma an kore da yawansu. Abin da ya rage masa shi ne aji mai cunkoso, ko bakin tasha, ko kabu-kabu tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ko ramin zinari. Likitoci sun tabbatar cewa mai wannan larura, in ba a kula da shi ba, ya fi tsararrakinsa haɗarin barin makaranta da haɗarin hanya da faɗawa shaye-shaye. Mu da muka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa samarinmu, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba ma bukatar dogon bayani. Daga nan sai gidan mari. Da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, duniya ta yi ta Allah wadai da masu gidajen, kuma sun cancanta. Ni iyayen na tuna, waɗanda suka kai 'ya'yansu da hannunsu suna biyan kuɗi, don sun buga sun gaji, ba wanda ya taɓa gaya musu akwai wata hanya. Ba na cewa duk wanda ke ciki mai wannan larura ne, amma zan yi mamaki in babu su da yawa.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Daga yankinmu, manyan wuraren da za a nufa don a tantance yaro su ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar lafiya ta tarayya a Gusau. Iyaye na jin Kware su ja baya, su ce ɗansu ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne ba mahaukaci ba ne, zuwa can kuma ba ya maida shi. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna larurar kanta. Labari ake tattarawa daga iyaye da malamai. Magani akwai, irin su Ritalin, yana kuma taimaka wa da yawa, amma sai da takardar likita da sa idonsa, ba na tsinta a kemis ba ne. Ga yaran da ba su kai shekara shida ba, horar da iyaye ake fara yi kafin a yi maganar ƙwaya.

Mafi yawan yaranmu ba za su ga wannan likita ba, hanya ba lafiya, aljihu ba nauyi, don haka aikin na hannun uwa da alaramma da malamin aji. Shawarar da ake ba malamai a yau ba ta da wuya: a zaunar da yaron gaba, nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ya maimaita, a yanka masa aiki ƙanana, a nema masa dalilin tashi, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Da ina da iko, da duk ɗalibin da zai fita daga Kwalejin Ilimi ta Maru sai ya iya waɗannan, a kuma kira malaman allo da na islamiyya a zauna tare, don su ma suna da abin da za su koya mana. In uba ya ƙudura tafiya Sakkwato ko Gusau, nakan rubuta masa abin da na gani a aji, tun yaushe, a wane darasi ya fi tsanani. In tura shi wurin alaramma shi ma ya faɗi nasa, ko da ajami ne a rubuta. Nakan kuma dage a tafi da uwar, domin tambayoyin farko na likita kan goyon ciki ne da haihuwa, da ciwon da yaro ya taɓa yi, da lokacin da ya fara tafiya da magana, kuma ba kasafai uba ke riƙe da waɗannan ba.